Littattafan da Baffa Ya Ƙone

Baba,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, wata goma sha ɗaya ke nan kana kwance a ƙasar Makka. Amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Umma tana lafiya, sai ciwon ƙafa. Shagonka na titin Mansur a nan Makka yana nan, Yaya Habu ke zama. Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Kwana uku da binne ka, Baffa Sani, ƙanenka uwa ɗaya uba ɗaya, ya shiga ɗakinka. Ya kwashe littattafan nan goma sha huɗu, ƙamus ɗin Hausa da Sanskirit, tsohon harshen Indiyawa, da ka fara tun kana ɗalibi a Indiya, ya hau saman bene, ya zuba su a cikin durom ya cinna wuta. Wai rubutun masu bautar gumaka ne, yana rage maka nauyin kabari. Sitar ɗinka kuwa, garayar Indiyawan nan da kake goge wa ƙura kullum, da gwiwa ya karya mata wuya. Aikin shekara talatin, Baba. Kafin a kira la'asar ya zama toka.

Ina tsaye a kan matakala, ban ce uffan ba. Ka yafe mini. Ka kuma yafe mini shekarun da na yi ina jin kunyarka, ƙawayena su ji kiɗa daga ɗakinka in ce musu rediyon maƙwabta ne.

Hajjin bana na yi aikin girki a Arfa. Jama'a na kuka suna neman gafara, ni na ɗaga hannu na kai ƙarar Baffa.

Abin da bai sani ba, ɗalibinka Yusuf, telan nan ɗan Indiya, ya naɗi darussanka a kaset, akwati guda. Bayan asuba nake zama ina saurare ina rubutawa. Muryarka ce, da tarinka, har da faɗan da kake yi in an gajarta dogon wasali. Na kai harafi na tara. Ran Alhamis mata biyar ke zuwa, ina koya musu baƙaƙe da waƙar safiyar nan taka, da baki, tunda babu abin kaɗawa. Ka san wadda ta fi kowa ƙwazo? Rabi, 'yar Baffa ta fari. Ni na taka har gidan mijinta na gayyato ta, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ba don Allah na yi ba.

Yanzu ciwon suga ya kwantar da Baffa. Sau biyu yana aikowa in je mu yafi juna. Me na yi masa da zai yafe mini? Na san da kai ne da tuni ka je da dabino a hannu. Ni ba kai ba ce.

Zan je, amma sai ranar da ƙamus ya fito. Zan zauna a gefen gadonsa in karanta masa shafin farko a hankali: sunanka a sama, a ƙasa kuma sunan wanda ya ƙone na farkon. Kullum ina roƙon Allah Ya ja kwanansa har ranar.

Allah Ya haskaka makwancinka, Baba. Ka huta, aikin yana hannuna.

'Yarka da ta yi shiru a kan matakala,
Hafsatu