Ni Na Hana Ƙanina Kai Ƙara

Zuwa ga Manajan kamfanin fasa dutse da ke hanyar Riruwai.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne yayan Sa'idu, manomin masarar nan na Doguwa da tifarku ta buge a kan babur har aka yanke masa ƙafar dama. Na zo da ƙorafi, amma laifina zan fara faɗa.

Na ɗaya. Yana kwance a asibiti ka zo dubiya da buhun shinkafa, ka zauna a tabarmarmu, ka ce za a yi masa ƙafar roba, a ba shi diyya. Da aka sallame shi ya ce a je kotu. Ni na hana. Na ce a gidanmu ba a kai ƙarar wanda ya tako ya duba mara lafiya, aka kuma ci abincinsa. Ya janye maganar, don bai taɓa musu da ni ba.

Na biyu. Duk zuwan da na yi ofishinka, ka ba ni kujera da ruwan sanyi, ka ce sai bayan damina, sai mai kamfani ya dawo. Ni kuwa sarkin kawaici sai in yi godiya in tafi. Haka shekaru suka shuɗe.

Na uku. Makon jiya na ga lauya a Tudun Wada. Ya duba takardun asibiti, ya ce doka ta yanka wa'adin shigar da ƙarar rauni, tun daga ranar hatsari ake ƙirgawa, namu ya wuce da wata biyar. Ban san da wannan wa'adi ba. Kai kana da lauyoyi, ba na jin ya ɓuya maka. Kunya nake ji da baƙin ciki, don da bakina na cinye haƙƙin ƙanina.

Roƙona, ka cika alkawarin ƙafar roba da diyyar, ko da kotu ba za ta tilasta maka ba. Gonarsa damina biyu ke nan ba a nome ta ba.

Sa'idu bai sani ba tukuna. Jiya ma ya tambaye ni ranar da za mu shiga kotu, na ce masa an kusa. Ranar Juma'a zan faɗa masa gaskiya, kuma ina so in shiga ɗakinsa da amsarka.

Allah ya tsare ka da iyalinka, ya yafe mini.

Wassalam.
Garba, yayan Sa'idu, Doguwa.