Gumaguman Gonar Baya

Zuwa ga Maman Yara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Yaya jikin Auta? Ƙafafun sun sace, ko suna nan kamar turmi? Ki ce mata ta bi maganar likita ta kwanta, cikin tagwaye ba abin wasa ba ne. Ki gaida mijinta malamin makaranta.

Direbanmu na ba takardar nan ya kawo miki, don duk lokacin da na kira waya Auta ke ɗauka, kuma ba kowace magana ce ta kunnen yara ba.

Na sare itatuwan gonar baya. Malainar nan da muka shuka shekarar da muka tare, wadda kika yi ta ba ruwa da bokiti har kafaɗarki ta yi kanta. Na san za ki ce me ya hana ni jiran ki. Kasuwa ba ta jiran matafiyi. Farashin gungume ya hau inda ban taɓa gani ba tun ina ɗaukar katako a ka, kuma na duba na ga kuɗinsu zai saya min sabon injin yanka. Kin san halin da nake ciki tun da tsohon injina ya mutu bara. Ina zaune a shago ina sayar da katakon da wani ya yanka, ni da na koya wa rabin layin nan riƙon zarto. Wannan zama ya ishe ni.

Guda ɗaya na bari, ta bakin rijiya, wadda kika ce ko hannu kada in ɗora mata. Masu sara sun yi ta zagaya ta suna haɗiyar yawu, na kore su.

Sai dai an sami ɗan tsaiko. Mai tarakta ya yi min wasa da hankali, yau taya, gobe rasuwa, har kusan wata. Kafin gumaguman su iso filin bayan shago, masu aikin sabon titi sun share daji guda sun zubo itace kasuwa kamar shara. Mai saya wa kamfanin nan itace, wanda muke kira Mai-Tef, ya zo ya auna. Kin san awonsu: daga siririn baki, a cire ɓawo, a cire wannan, a cire wancan. Da ya gama ya faɗi kuɗi, kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Na ce masa albarka, na ƙara da cewa ko icen girki ba na sayarwa haka. Ya naɗe tef ɗinsa yana murmushi, wai zai dawo in na huce.

Ba zafi na ɗauka ba, lissafi ne. Damina na sauka hanyoyin daji za su rufe, mota ba shiga ba fita, itacen titi ya ƙare, farashi ya dawo. A lokacin ni kaɗai ke da gungume a bakin kwalta. Shi zai zo yana cire min hula.

Ki kwantar da hankalinki. Ina cin abinci.

Mijinki,
Mai-Zarto


Zuwa ga Maman Yara,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da mai jiki. Na ji daɗi da aka ce hawan jinin nata ya sauka. Allah ya raba lafiya.

Direba ya kawo min amsarki, na karanta har sau biyu, na biyun a tsaye. Wato maganata kika juyo min da ita, cewa itace a tsaye yana jira, a kwance ba ya jira. Ni na faɗa, ban musa ba. Amma na faɗa wa yara masu koyo ne, ba a kaina na faɗa ba.

Kin ce in shafa wa bakunan gumaguman fenti don kada rana ta tsaga su, in ɓare ɓawon, in ɗora su a kan duwatsu. Maman Yara, kifi kike koya wa iyo? Na san fenti. Amma kin san abin da fenti ke faɗa a layin nan. Gungumen da aka shafa wa baki, ko makaho ya san ya yi kwantai. Ranar da na fito da gwangwanin fenti, kafin in wanke buroshi labari ya kai kunnen Mai-Tef cewa tsoho ya maƙale, kuma abin da ya taya jiya ma ba zai sake tayawa ba. Fili na bakin hanya, duk mai wucewa yana leƙe. Gara su gan su fes, kamar gobe mota za ta kwashe.

Maganar in kai wa Dogo ya yanka min su katako in jera su bushe kuwa, da ba ke kika rubuta ba da na yaga takardar. Dogo! Yaron da ya zo min ba ya bambance faɗi da kauri, wanda na cire wa sartse a tafin hannu yana kuka. Yau don ya sami inji mai ruwan kore, ni zan tura kayana ƙofarsa in bi layi bayan kafintoci? Ba ni da faɗa da shi, yana gaishe ni har ƙasa. Amma wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Farashi ya ƙara sauka makon nan. A teburin mai shayi kowa ya zama masani. Mai ƙusa ya ce gine-gine ne suka tsaya. Mai kwano ya ce man dizal ne. Ƙaninki kuwa, da bai taɓa sayar da ko tsinken sakace ba, ya ce wai a waya ya gani, duniya duka katako ya faɗi. Na ce masa ya tambayi wayar ko za ta saya. Abin da ke ci min rai shi ne, katakon da nake sarowa bai sauka ko kaɗan ba. Gungume ya faɗi, katako yana sama. To ina ribar ke shiga? Aljihun mai inji. Kin ga dalilin da ya sa nake son nawa.

Akwai 'yar tsaga a bakin wasu, siririya kamar gashi. Ba komai ba ne, kowane gungume yana yi.

Tukunyarki mai hannu ɗaya ta ƙone, amma laifin murhun ne.

Mijinki,
Mai-Zarto


Maman Yara,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, raina a ɓace yake.

Ruwa ya sauka, kuma kamar yadda na faɗa, farashi ya fara ɗagawa. Ki gaya wa malamin makaranta, wanda na ji ya ce da na sayar tun farko, cewa ba a allo ake koyon kasuwa ba.

Mai-Tef ya dawo. Wannan karon da alli ya zo. Ya bi gumaguman ɗaya bayan ɗaya, in ya ga tsaga sai ya zura tsinke ya ga iya zurfinta, ya ja layi, ya ce daga nan awonsa zai fara. Wani ya zubar da taƙi biyu, wani kamu guda, a kowane baki. Wato farashi ya hau, itacena ya gajarce. Da ya haɗa, abin bai kai tayinsa na farko ba. Na ce masa wannan ba ciniki ba ne, aski ne. Ya ce, Baba, ni ma aiko ni aka yi, kamfani ba ya sayen tsaga. Na ce to ya koma ya gaya wa kamfani ni ma ba na sayar da alli. Bayan ya tafi na sa tsumma na goge layukan kaf.

Jiya kuma sai ga Dogo. Ya durƙusa a bakin shago, ya ce, Maigida, na ga gari a ƙarƙashin na gefen katanga. Ya ce ƙwaro ya shiga ta ɓawo, in ba shi izini ya turo mota, ya tsayar da aikin kowa ya yanka min, ko sisi ba ya so. A gaban mai ƙusa ya faɗa, Maman Yara. Da ya same ni ni kaɗai ne, wataƙila da na duba. Amma a gaban mutane, kyauta, kamar wanda ya zo bara? Na ce masa na gode, ya je ya kula da haƙoran zartonsa, don katakon da ya aiko min wancan makon duk ya yi ciki. Ya sunkuyar da kai ya ce to, Maigida. Wannan to ɗin ta fi zagi ciwo.

Da ya tafi na je na duba. Akwai garin, fari, laushi kamar hoda. Na share. Da safe na ga ya dawo. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, na sani, kada ki rubuto min shi.

Saura kaɗan. Hanyar daji ta kusa yankewa gaba ɗaya, jiya ma wata babbar mota ta kafe har gindi. In na saki yanzu, duk jiran da na yi ya tashi a banza, kuma injin da na je na gani har sau uku wani zai ɗauka. Mai shagon ya fara ce min Baba mai kallo.

Ki yi min addu'a, ki bar ba ni shawara.

Mijinki,
Mai-Zarto


Zuwa ga Maman Yara, kakar tagwaye,

Barka, barka. Allah ya raya su, ya ba Auta lafiya, ya saka miki da alherin wahalar da kika sha. An ce namijin ya ɗauko hancina. Allah ya sa ya tsaya a hancin.

Farashin gungume ya dawo. Ya ma wuce inda yake ranar da na sa aka sare. Ina so ki fara sanin wannan kafin sauran: abin da na ce zai faru ya faru, babu ko kuskure.

Mai-Tef ya zo da babbar mota da ma'aikata, har da cire hula kamar yadda na gaya miki. Ya ce kamfani ba shi da itace ko ɗaya, duk abin da na ce. Sharaɗi guda, a yanke bakin ɗaya a ga ciki. Ni na zaɓa da kaina, mafi girma, na tsakiya. Da zarto ya fita, sai ga baƙi-baƙi ya bi jikin itacen kamar an zuba tawada, ga ramuka kamar rariya. Ruwa ya bi tsaga, ƙwaro ya bi ruwa. Aka yanka na biyu, aka yanka na uku. Mai-Tef ya mayar da hularsa, ya ce, Baba, wallahi na so. Motar ta juya babu komai a bayanta, layi duka yana kallo.

Da yamma mai gidan burodi ya aiko a tambaye ni ko ina sayar da icen wuta.

Washegari na je wurin Dogo da ƙafata. Ban yi dogon bayani ba, shi ma bai nema ba. Na ce zan biya kuɗin yanka kamar kowa, kuma ni zan tsaya a bakin inji. Ya ce injin ai naka ne, Maigida. Na ce ba nawa ba ne, kada ya ƙara faɗa. Muka yi kwanaki muna yanka, ina juya kowane gungume ina neman inda ƙwaro bai kai ba. Injin yana da kyau, ba zan ɓoye miki ba, yana shiga itace kamar wuƙa a sabulu. Hannuna bai manta ba. Yaransa har tsayawa suke suna kallo.

Abin da ya fita mai kyau bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran masu akwatin kaya sun ɗauki wani, mai burodi ya kwashe wani. Sabon inji babu shi, bana dai. Na daina bi ta gaban shagon.

Katakon da ya tsira na jera shi a rumfa, da 'yan sanduna a tsakani don iska. Bakunan kuma na shafa musu fenti. Ja na saya, mai ƙyalli, na zauna a bakin hanya na shafa da rana tsaka. Ƙaninki ya tsaya zai yi magana, na miƙa masa buroshi.

Shekaranjiya na je gonar baya. Kututturan sun yi tofo, kowanne ya fito da 'ya'ya har gwiwata, ba wanda ya ba su ruwa. In aka rage aka bar ɗaya a kowane kututture, za su yi itace. Ba ni zan sare su ba, wannan sai mai hancina.

Ina tsaye sai ga Mai-Tef, ashe bina ya yi. Ya zagaya bishiyar nan ta bakin rijiya, ya rungume ta hannunsa bai haɗu ba, ya taya kuɗin da ban taɓa jin an taya bishiya ɗaya ba. Ya ce rabin inji ne fa, Baba. Na daɗe ina kallon ta. Sannan na ce masa ba tawa ba ce, mai ita ta yi tafiya, kuma tata a tsaye take, ba ta sauri.

In Auta ta ji ƙarfi ki dawo. Na sayi sabuwar tukunya. Duk abin da za ki faɗa kin riga kin faɗa a takarda, don haka in kin iso ki wuce ki ga rumfar, ki ce fentin ya yi kyau, shi ke nan.

Ki shafa min kan yaran.

Mijinki,
Mai-Zarto