Koren Hijabin Barakatu

Ƙanƙara, tsakiyar Azumi

Yaya Hussaina,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya ƙafar Inna? Ki ce mata ta kwantar da hankali, ba na hawa hanyar Faskari sai rana ta take.

Binciken digirina ya yi nisa, ni kuwa duk na rame. 'Yan matan da 'yan bindiga suka kwashe suka sako nake zama da su. Don kada a gane, gida-gida nake shiga da sunan ƙungiyar matasa, ina tambayar sana'o'i. Wadda ta yarda da ni sai mu shige ɗakin uwarta. Na rantse musu ba suna, ba hoto.

Akwai Barakatu mai tuyar awara, a wani ƙauye bayan 'Yargoje. Lokacin da aka kwashe ta, iyayenta sun shaida wa gari cewa jinyar gwaggonta ta je Sabuwa. Bayan uwarta, ni kaɗai ta gaya wa abin da aka yi mata a daji. Ranar ko kunu kasa sha na yi.

Kin san tarbiyyar Inna, wanda ya buɗe maka cikinsa ba ka barinsa hannu rabbana. Na sayi bandir ɗin koren yadi, tela ya ɗinka hijabai, duk wadda ta ba ni labarinta na ba ta ɗaya. Da kin ga murnar Barakatu!

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Hamida

Ƙanƙara, bayan Sallah

Yaya,

Barka da shan ruwa, da fatan kowa lafiya. Ni dai ba lafiya ba. Na yi ɓarna da hannuna.

A shekarar da gona ba ta nomu, wa ke da kayan Sallah? Duk yaran nan hijabina suka sa zuwa Idi. Biyu daga cikinsu kowa ya san an taɓa kwashe su. Sai ga Barakatu a sahu ɗaya da su, kore iri ɗaya, ɗinki iri ɗaya. Matan gari ba sa bukatar digiri kafin su haɗa wannan.

Awararta ta daina sayuwa. Dangin Kamilu, saurayin da ita ma take so, sun aiko a mayar musu da kayansu. Malamina da na faɗa wa ya jajanta, sannan ya ce wannan hujja ce mai ƙarfi a kan ƙyama, in ƙara babi.

Jiya na koma ƙauyen. Uwarta ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta miƙo mini hijabin a wanke a ninke, ta sa mini albarka. Wallahi Yaya, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ban ga Barakatu ba. Tana Sabuwa wajen gwaggonta, wannan karon da gaske.

Kada ki gaya wa Inna. Ki sa yarinyar nan a addu'a kafin ni.

Taki,
Hamida