Hannuna Ya Bushe

Yaya,

Wa ya aike ka ka gaya wa Inna an yi mini aiki a asibiti? Ga shi tun jiya sai kira take, tana kuka. To, ina gaisuwa. Yaya ƙafar Baba? Ka gaishe mini da matarka da yara, Allah ya raya su.

Ka kwantar wa Inna da hankali, lafiyata lau. Likita ya ɗan huda ƙarƙashin hammatata, ya datse jijiyar da ke sa tafin hannuna gumi. Yanzu ina karanta littafi ba na jiƙa shafi, na'urar danna yatsa a ƙofar masana'antar da nake aiki ma ta daina ƙi na. Sai dai gumin bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa baya da cinyoyi. Riga uku nake canzawa kafin a tashi aiki, ƙafa kuma tana nan sharkaf cikin safa. Likita ya ce abin da aka datse ba ya mayuwa. Na gaji, Yaya. In ka samu mai zuwa, ka aiko mini da rigunan auduga.

Na ji Kawu yana yawo da ni, wai na raina halittar Allah, wai da ma girman kai ne ya hana ni gaisawa da manya. Ranar da dangi suka taru, ka karanta masa wannan da ƙarfi. Ina ɗan shekara goma sha biyu na ba shi hannu, ya goge nasa a jikin riga, ya ce, "Yaro ne wannan ko kifi?" Kowa ya yi dariya. Tun ranar ban sake miƙa wa kowa hannu ba.

Ina so ya miƙe a gabansu ya amsa: ya tuna, ko bai tuna ba?

Ƙaninka