Dafaffiyar kummatra

Daren Laraba, unguwar Sa'alaba

Yau ma Inna ba ta ci komai ba. Tunda zafi ya fara sauka kasuwar Bab Makka ta cika da tuffa iri-iri, ni kuwa na zama gwanar banza wajen dafa su. Koriyar tsami gare ta, sai an cika sukari. Jar tana ganin wuta take zama fate. Rawayar ce ke son kirfa. Kummatra, 'yar'uwar tuffa mai siririn wuyan nan, ta fi su duka laushi, shi ya sa yau na dafa ta da kanumfari na tace, don likita ya ce maƙogwaron Inna ba zai ƙara karɓar abu mai tauri ba. Sauran abin da ya faɗa na riƙe a cikina.

Ta shinshina kwanon ta ture shi.

"Hadiza, tun daga Sudan har nan ban taɓa ganin an dafa wa mai tashi daga ciwo ɗan itace ba. Me likitan ya gaya miki?"

Na ce, "Ba komai, Inna. Yalla, ko cokali ɗaya."

Ta daɗe tana kallona. "Halas, shi ke nan. Gobe kar ki sayo."

Ga rabin kwalin kummatra can a kicin, ƙamshinsa har cikin ɗakin nan.