Birai sun cinye gonar Baffana, makullin bindigarsa kuma yana hannuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni ɗan wani ƙauye ne tsakanin Karaye da Rogo. Akwai wani kurmi a bayan garinmu, tun muna yara ake cewa gandun gwamnati ne, amma ba wanda ya taɓa ganin gwamnatin a ciki. Masu gawayi suna sara, mafarauta suna cinna wuta duk rani, har ta kai ko kukan zabon daji ba ka ji. Shi ne muka kafa ƙungiyar sa-kai, aka ɗora min shugabanci saboda na fi kowa baki. Muka bi masallatai da majalisu muna roƙo, dagaci ya mara mana baya, aka ce kowane maharbi ya kawo bindigarsa a kulle a wani ɗaki a gidan dagaci, makullin a wurina.

Ba wanda ya kawo, kowa yana jiran ya ga yadda Baffana zai yi. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni da na zama maraya, kuma shi ne babban maharbin yankinmu. Babana yake kirana don sunan kakanmu aka sa min. Na yi ta zarya gidansa har ya yarda. Da kansa ya saɓo bindigar tokarsa, ya bi ta tsakiyar gari don kowa ya gani, ya miƙo min ya ce, "Babana, ba don namun daji na ba ka ba, don kar a ce a gidanku aka fara watsa maka ƙasa a ido." Bayansa sauran suka biyo.

Kurmin kuwa ya farfaɗo, zabi suka dawo, har gada an gani, muna ta ɗaukar hoto muna ɗorawa. Abin da ban lissafa ba shi ne birai, kuma gonar Baffa ce ta ƙarshe a bakin kurmin. Bara suka tone masa gyaɗa tun ba ta nuna ba, suka kakkarya masara. Tsohon nan da hawan jininsa, daga asuba zuwa magariba yana cikin rana yana buga gwangwani, su kuma sun gane ba komai a hannunsa, zama suke a kan reshe suna kallonsa. Mun yi alƙawarin yi masa gadi bi da bi, aka fara aka watse, kowa da tasa gonar, har ni. Mutumin da bai taɓa awon hatsi ba, na gan shi a kasuwar Rogo da buhu a hamata yana kauce wa idon sani. Wallahi ranar na yi kuka.

Yanzu roƙonsa ɗaya, in ba shi bindigar na yini guda. Wai a al'adarsu ta maharba babban namijin da ke jan garken ake harbewa, a rataye shi a kan sanda a bakin gona, sauran ba za su sake leƙowa ba har kaka. Na kai maganar kwamiti, aka yi ta sa-in-sa, sakatarenmu ya ce ranar da aka ji ƙarar bindiga daga gidanmu, washegari kowa zai zo karɓar tasa, masu gawayi ma su dawo. Na ji haushinsa, amma gaskiya ya faɗa. Matar Baffa ta daina amsa gaisuwata, shi kuwa ko fuska bai canza min ba, kuma hakan ya fi ƙona min rai.

Ruwan shuka ya sauka, kowa ya shuka, gonar Baffa ko huɗa ba a yi ba. Shekaranjiya na je na ce ya tashi in taya shi, sai ya ce, "Babana, irin da ya rage ɗan kaɗan ne. In na zuba a ƙasa birai suka tone, ba na ci ba na baɗi. Kai nake jira."

'Yan uwa, in na buɗe ɗakin nan na rusa abin da gari guda ya yarda da ni a kai, in na ƙi kuma tsohon da ya ciyar da ni ba zai yi shuka bana ba. Ƙasa ta fara bushewa. Ku da kuke nesa kuna ganin abin da ba na gani, yaya zan yi?