Baba Ya Ƙi Komawa Sama

Zawaciki, Kano.

Zuwa ga Yaya Safiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Bashir da yara. Mu nan da sauƙi.

Kin ce ba na sakin jiki a waya. Yaya, bangon gidan nan kamar kwali yake, ko tari na yi sai maƙwabta sun ji. Shi ya sa na rubuto na ba direban da ke zuwa wajenku Ringim.

An rushe unguwarmu ta Challawa kaf. Gidan da aka haife mu, da zauren Baba, da durumin ƙofar gida, duk katafila ta bi ta kansu. Abin da ya fi ci mini rai, kamfanin fatar da nake wa aiki ne ya karɓi filin. Kullum sai na ratsa ta kan kufanmu kafin in shiga aiki.

An kwaso mu zuwa wasu benaye masu hawa biyar, wai an ciyar da mu gaba. Da ƙuri'a aka raba ɗakunan, ba a tambayi wa ke maƙwabtaka da wa ba. Mu hawa na huɗu ya faɗo mana. Na je ofis na roƙi a ba mu ƙasa saboda gwiwar Baba, wani mai kwat ya ce in gode wa Allah na samu ɗaki mai tayil. A bayana na goyo Baba na hau da shi, yana ta ba ni haƙuri, kamar shi ya yi laifin.

Matata Aina'u ta daina sayar da abinci, an hana murhu, an hana daka. Awakin Baba ma sai da muka rabu da su. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Usaini.

Zuwa ga Yaya Safiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mun ga saƙon daddawa, Allah ya saka da alheri.

Ina yi miki ta'aziyyar Malam Uba, aminin Baba, wanda suke zaman zaure tare tun ba a haife mu ba. Shi ƙuri'a ta jefa shi hawa na biyar a benen da ke fuskantar namu. Tun da muka zo ba su ga juna ba, don shi ma ƙafa ta ƙi.

Ranar Talata Baba na zaune bakin taga, inda yake yini, sai ya hangi mutane suna fitowa da gawa a naɗe cikin tabarma. Makara ta ƙi juyawa a matakalar, sai da suka sauko da mamacin a hannu kamar kaya. Baba ya yi masa addu'a a matsayin baƙo. Sai da na dawo daga aiki da la'asar na gaya masa ko wane ne.

Yaya, mutumin da ko atishawa ya yi Baba na amsa masa ta katanga, yau an binne shi Baba bai tsaya a sahu ba. Wanda ya zana gidan nan, shi ba zai mutu ba ne? Ko ba shi da tsoho a gida?

Baba bai ci tuwo ba ranar.

Ƙaninki,
Usaini.

Zuwa ga Yaya Safiya,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya.

Washegarin rasuwar ina wajen aiki Baba ya sauka da kansa, a zaune, yana jan jiki matakala bayan matakala, Aina'u na biye da shi tana kuka. Ya yi wa iyalan Malam Uba gaisuwa, sannan ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bene. Da na zo zan goya shi sai ya ce, "Usaini, na sauko da raina. Ba zan koma a sauko da ni a tabarma ba."

A masallacin bakin get yake kwana yanzu. Tsofaffi da dama sun sauko sun same shi, har da waɗanda muka zaci sun bar garin.

Jiya mai kula da benayen ya zo ya ce su kwashe tabarminsu, manya za su zo ɗaukar hoto, zamansu yana ɓata tsarin wurin. Babu wanda ya motsa. Ya kira ni gefe ya tuna mini a ina nake aiki. Na ce masa na sani.

Sauro ya yi yawa a masallacin, ga tarin Baba ya dawo. Na ce masa za ki gyara masa ɗaki a Ringim, amma ya ce ba zai tafi ya bar sauran ba. Ki zo da kanki, ko zai ji maganarki. In kin iso kada ki wahalar da kanki da hawa, muna ƙasa.

Ƙaninki,
Usaini.